Footscray a bakin kogin Maribyrnong: ambaliya, yawan jama'a, da batun koyon harshen Biyetnam

Ummu Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta samu aikin kula da tsofaffi a yammacin Melbourne, ƙasar Ostireliya, an kuma ba ta shawarar ta kama haya a unguwar Footscray saboda jirgin ƙasa. Abu uku ne suka tsaya mana a rai. Mun duba taswira mun ga unguwar a bakin kogi take, ga shi mun ji an yi ambaliya a wajen a 2022. Tudu ne ko kwari? Sannan an ce mana mutanen Biyetnam ne suka cika unguwar, har wai Turanci ba ya isar mutum a kasuwa. In haka ne, ya dace ta fara koyon harshensu tun daga nan? Ta ina za ta fara, kuma me ya fi ba Bahaushe wuya a cikinsa? Wanda ya san wurin ko harshen ya taimaka da bayani dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

MaiTaswira:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara raba abu uku masu suna ɗaya, don a nan ruɗanin yake. Akwai kogin Maribyrnong. Akwai ƙaramar hukumar Maribyrnong, wadda Footscray ke cikinta tare da Seddon, Yarraville, Kingsville, West Footscray, Maidstone da Braybrook. Akwai kuma wata unguwa da ita ma sunanta Maribyrnong, arewa da Footscray, a cikin lanƙwasar kogin. Ambaliyar ranar 14 ga Oktoba 2022, wannan unguwar ce ta fi jin jiki, musamman wajen Raleigh Road da Chifley Drive. Ma'aunin ruwa ya kai kimanin mita 4.2, gidaje sama da 500 ruwa ya shafa.

Ita Footscray tana kilomita 5 yamma da tsakiyar birnin, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 5, kogin ne iyakarta ta gabas. Ƙasar yammacin Melbourne shimfiɗa ce ta baƙin dutse, narkakken dutsen aman wuta ne da ya daskare tun zamanin da; da shi aka gina tsofaffin gine-ginen birnin, kuma daga ramukan fasa dutse na Footscray aka haƙo mai yawa. Kogin ya yanka wannan shimfiɗa ya yi wa kansa kwari, shi ya sa tashar jirgi da kasuwa da titunan Barkly, Hopkins, Nicholson da Leeds duk a kan tudu suke. Inda ke ƙasa shi ne siririn gefen ruwa: filin shaƙatawa na Footscray Park, hanyar masu keke, da tsofaffin matsayan jiragen ruwa. Tsallaken kogin kuwa fadama ce, a nan filin sukuwar Flemington yake. An gina masa katangar tare ruwa a 2007. A 2022 filin ya kwana a bushe alhali gidajen mutane na cikin ruwa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har da bincike a majalisar jiha.

Dalilin da ya sa kogin ke tashi da sauri: yana kwasar ruwan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,400, ta rafukan Deep Creek da Jacksons Creek masu gangarowa daga tsaunukan Macedon. Ƙasar laka ce, ba ta shan ruwa da wuri, a 2022 kuma ta riga ta ƙoshi bayan shekaru uku a jere na damina mai ƙarfi. Ta ƙasa kuma, ƙarshen kogin yana hawa da sauka tare da teku kafin ya haɗu da kogin Yarra. Sunansa na da ma Saltwater River ne, sai a 1913 aka sauya. In ruwan sama daga arewa ya tarar da teku ta cika, ba shi da wurin zuba da sauri. Don haka sama na iya washewa a Footscray, ruwan ya iso bayan sa'o'i. An yi irin wannan a 1906 da 1974.

Kafin ta sa hannu a takardar haya, ta shiga shafin gwamnatin jiha mai suna VicPlan, ta rubuta adireshin gidan, ta sauke rahoton kyauta. In ta ga alamar LSIO, fili ne da kogi ke iya shafewa. In SBO ce, magudanun ruwa ne ke tumbatsa idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko da gidan na nesa da kogi. Hukumar Melbourne Water ta sabunta taswirar ambaliyar wannan kogi a 2024, gidaje da yawa a Kensington da ke tsallake suka shiga sahun haɗari, saboda haka kada a dogara da tsohon bayani. A dogayen benayen da ke kusa da ruwa, ɗakin hawa na goma ba zai jiƙe ba, amma wurin ajiye mota da kejin ajiyar kaya galibi a ƙarƙashin ƙasa suke, lif ma kan tsaya. Inshorar mai gida ba ta rufe kayan ɗan haya; in za ta yi tata, ta karanta ta ga ko ruwan kogi na ciki, don wasu kamfanoni sun raba shi da ruwan sama. Ta sa manhajar VicEmergency a waya, lambar agajin ambaliya kuma 132 500.

A gaskiya sanyi zai fi damun ta fiye da kogi. Hunturu daga Yuni zuwa Agusta ne, da dare awo kan sauka wajen 6, kuma tsofaffin gidajen katako na ma'aikatan masana'antu ba sa riƙe ɗumi ko kaɗan. Dokar haya ta jihar Victoria ta wajabta na'urar ɗumama kafaffiya a babban falo. Ta kunna ta gani a ranar duba gida. Tsagewar bango a tsofaffin gidaje ba abin mamaki ba ne, lakar wurin kumbura take da damina ta tsuke da rani. Ta kuma lura da titin: tashar jiragen ruwa ta Melbourne na tsallaken kogi, manyan motocin kwantena sun daɗe suna bin wasu titunan yankin. In tana son shuka alayyafo ko yakuwa a bayan gida, ta yi a cikin akwati da sabuwar ƙasa, saboda dalmar tsohon fenti da ragowar masana'antu. Kifin kogin ma hukumar kare muhalli ta yi gargaɗi a kan cinsa.

Batun jirgi gaskiya aka gaya muku: layukan Sunbury, Werribee da Williamstown duk suna tsayawa a tashar, haka jiragen Geelong, Ballarat da Bendigo. Tsakiyar birni kimanin minti goma ne.

Ɗan Ƙidaya:

Bari in ɗauki tambaya ta biyu. Amsar ita ce a'a, ba su ne mafi yawa ba, ba su ma kusa. Amma wanda ya gaya muku haka bai yi ƙarya a kan abin da idonsa ya gani ba.

Ƙidayar ƙasar duk shekara biyar ake yi. Footscray tana da mutum 13,203 a 2011, 16,345 a 2016, sai 17,131 a 2021. Ƙaramar hukumar baki ɗaya 85,209 ce a 2021. Wannan adadi na 2021 a ɗauke shi da hankali, don an yi ƙidayar a watan Agusta, iyakokin ƙasar na rufe saboda korona, ɗaliban ƙasashen waje da yawa ba sa nan, alhali Jami'ar Victoria tana da harabobi biyu a unguwar. Turanci ne harshen gida na kaso mafi girma, harshen Biyetnam ke biye masa, amma da tazara mai yawa.

Wurin da mutane ke yin kuskure shi ne haɗa tambayoyi uku daban-daban na takardar ƙidaya. A faɗin Ostireliya a 2021, waɗanda aka haifa a Biyetnam 257,997 ne. Masu magana da harshen a gida 320,758, wato na uku bayan Sinancin Mandarin da Larabci in aka cire Turanci. Waɗanda suka rubuta Biyetnam a matsayin asalinsu kuwa 334,781. Bambancin ya zo ne daga 'ya'ya da jikokin da aka haifa a can, sannan daga cikin haifaffun Biyetnam akwai 'yan asalin Sin da ake kira Hoa, waɗanda harshensu na gida Kantonis ne ko Teochew. Wannan ya shafi aikin ƙanwarki kai tsaye: tsohuwa na iya zama haifaffiyar Sài Gòn, babban birnin kudancin Biyetnam, amma ba harshen Biyetnam take so a yi mata ba. Babban ɗakin bautar da ke gefen kogin, mai dogon gunkin Mazu, abar bautar teku, mai ruwan zinariya, na wannan al'ada ta Sinawa ne.

Yadda suka zo: bayan faɗuwar Sài Gòn a 30 ga Afrilu 1975, ƙarshen yaƙin Biyetnam, kwale-kwalen farko na 'yan gudun hijira ya isa Darwin a Afrilun 1976, gwamnatin Firaminista Malcolm Fraser kuma ta karɓi dubban mutane daga sansanonin Malesiya, Tailan da sauransu. Waɗanda aka kawo yammacin Melbourne an sauke su a masaukin baƙi na Midway, kusa da Footscray. Haya na da arha, masana'antu na ɗaukar wanda bai iya Turanci ba, shagunan da Italiyawa, Girkawa da mutanen Yugoslabiya suka fara bari kuma suna nan a buɗe. Haka titunan Hopkins, Leeds da Barkly suka koma nasu. Daga baya mutanen Habasha, Eritiriya, Somaliya da Sudan suka kama wani ɓangare na Nicholson Street, sai Indiyawa da ɗalibai daga kudancin Asiya.

Abin da ya faru a shekarun baya-bayan nan shi ne gidaje sun yi tsada, iyalai masu son gida mai fili suka matsa yamma zuwa Braybrook, Sunshine da St Albans. A ƙaramar hukumar Brimbank, inda Sunshine da St Albans suke, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke magana da harshen a gida, a St Albans kanta kuwa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Footscray ta zama kamar Kantin Kwari: cike take da masu harka da rana, amma da yawansu ba a nan suke kwana ba. Alamu biyu: kasuwar Little Saigon ta ƙone a Disambar 2016, sannan a 2020 makarantar firamaren Footscray ta sanar da daina tsarinta na koyarwa da Turanci da harshen Biyetnam tare, ta koma Italiyanci, iyaye suka yi ta ƙorafi. Babbar kasuwar Footscray da ke daura da tasha tana nan da ranta, Turanci kuma ya wadatar a cikinta. Farashi a rubuce yake, a kilo ake sayarwa.

Saboda haka tambayar da za ku yi ba ta inda za ta kwana ba ce, ta inda gidan tsofaffin yake ce. In a St Albans ko Sunshine ne, harshen zai yi mata amfani kullum. Ana iya duba kowace unguwa a shafin QuickStats na hukumar ƙididdigar ƙasar.

Ummu Sadiƙ:

Madalla, hankalinmu ya kwanta a kan ambaliyar. Na tambaye ta, wurin aikin a wajen Sunshine yake, kuma an ce mata tsofaffin da yawa sun daina amsa Turanci. To ashe batun harshen ya zama dole. Malamai a taimaka.

Malamin Harshe:

Hajiya, haka abin yake: mai ciwon mantuwa yakan fara rasa harshen da ya koya daga baya, na uwa ya rage. Ta koya, amma ta zaɓi karin Kudancin Biyetnam, na Sài Gòn. Yawancin waɗanda suka zo gudun hijira daga Kudu suke, alhali yawancin littattafai da manhajojin waya karin Arewa, na Hà Nội babban birnin ƙasar, suke koyarwa. Fahimtar juna suna yi, sai dai kunnen sabon koyo ba zai gane kalmar da ya haddace ba in ta zo da wani furuci. Harafin *d* da *gi* a Arewa z ne, a Kudu y ne. *Dạ*, kalmar ladabi da za ta fi kowace amfani da ita, a Kudu "ya" ake faɗa da murya ƙasa. Kalmomi ma sun bambanta, wasu har da haɗari a wurin aiki: *ốm* a Arewa rashin lafiya ne, a Kudu rama ce, mara lafiya *bệnh* ake cewa. Faɗuwa a Kudu *té*, a Arewa *ngã*. Cokali *muỗng* a Kudu, *thìa* a Arewa. *Chén* a Kudu kwanon cin shinkafa ne, a Arewa ɗan kofin shayi.

Bahaushe ya shigo da jari uku da Bature ba shi da su. Na farko, *đ* mai sanda ɗ ɗinmu ne, *b* kuma ɓ ne. A harshen ba a furta su sai da wannan ɗan jan iska ciki. Ta ce *đi*, tafi, kamar "ɗi". *Ba*, uku, kamar "ɓa". Na biyu, wanda ya yi karatun allo ya riga ya iya *kh*, don ha mai ɗigo a sama ce ta Larabci, *g* da *gh* kuma angai ne mai ɗigo, wato gainun. Na uku, kunnenmu ya saba da karin sauti. Mun san wuya ta jiki daban da wuya ta wahala, kai na jiki daban da kai na "kai da ni", ba tare da an rubuta mana alama ba. Tsawon wasali ma mun san shi: *a* dogo ne, *ă* gajere.

Amma jarin nan yana da iyaka. Hausa tana da sauti na sama, na ƙasa, da mai faɗowa. Su shida gare su a Arewa, biyar a Kudu, kuma a rubuce suke a kan kowace gaɓa. Ɗauki *ma*: ba alama, murya a miƙe a sama-sama, fatalwa. *Mà*, ƙasa tana gangarawa a hankali, amma. *Má*, tana hawa, kunci, a Kudu kuma uwa. *Mả*, ta nutse ta taso, kabari. *Mã*, a Arewa tana hawa da ɗan tsinkewa a maƙogwaro, lambar sirri. A Kudu an haɗe ta da ta kabari, furuci ɗaya. *Mạ*, ƙasa, gajeriya a Arewa, a Kudu ƙasa da ɗan tasowa, dashen shinkafa. Biyu masu hawa su ne matsalarmu, domin Hausa ba ta da sautin da ke tashi a cikin gaɓa guda. Bakinmu yakan mayar da shi na sama kawai, sai *má* ta koma *ma*. Maganinsa a ja wasalin, a fara daga tsakiya a ƙare a sama, a yi da gangan har ya zama jiki.

Kuskure na biyu daga tsarin jimlarmu yake. Muryar Bahaushe gangarowa take daga farkon jimla zuwa ƙarshe, in tambaya ce kuma ya ɗaga ƙarshen. Dukansu ɓarna ne a nan. Gangarowar tana mayar da gaɓar ƙarshe mai miƙaƙƙen sauti ta zama ta ƙasa, ɗagawar kuma tana sauya kalmar ɗungurungum. Tambaya da kalma ake yin ta: *có* a gaba, *không* a ƙarshe. *Bà có đau không?* Kaka, kina jin ciwo? Wannan *không* a miƙe take, ba a ɗaga ta.

Na uku, baƙin ƙarshe. Mun saba ƙara wasali, shi ya sa muka ce bokiti da kofi. A nan *p*, *t*, *c*, *ch* na ƙarshen gaɓa rufe baki ake yi a kansu, ba a sake su. *Một*, ɗaya, gaɓa guda ce. In aka ce "moti" an yi gaɓa biyu, babu mai ganewa. Bayan *o*, *ô* da *u*, idan *ng* ko *c* suka zo, leɓe rufewa yake a ƙarshe, kumatu su ɗan kumbura, shi ya sa *không* ke fita kamar da m a ƙarshenta. *Ng* a farkon kalma kuwa, kamar a *ngon*, daɗi, ko *ngủ*, barci, sautin ƙarshen "can" ne aka kawo gaba. Ta ce "can-o" ta riƙa cire "ca". *Ph* f ne na haƙori a kan leɓe, ba irin namu mai kama da p ba. *X* s ne. *Th* t ne mai fitar da iska, *t* kuma ba iska.

Wasula su ne aikin da ya fi cin lokaci, mu biyar muke rubutawa, su goma sha biyu: a ă â e ê i o ô ơ u ư y. *Ê* da *ô* su ne kusa da e da o namu masu tsawo. *E* da *o* marasa hula baki ya fi buɗewa. *Ư* u ne da leɓe a shimfiɗe kamar mai murmushi, *ơ* haka ake yi wa o. *Bò* saniya, *bồ* saurayi ko budurwa, *bờ* gaɓar kogi; sautin duka ɗaya, wasali ne kawai ya raba. *Đau* ciwo, *đâu* ina. Tambayar da za ta fi yi ta haɗa su: *đau ở đâu?*

Nahawu kuwa sauƙi ne. Aikatau ba ya sauya siffa, babu namiji da mace a suna, babu jam'i irin namu mai wahalar da baƙo. Lokaci da ƙananan kalmomi ake nuna shi: *đã* ya wuce, *đang* ana ciki, *sẽ* nan gaba, *rồi* an riga, *chưa* tukuna. Sifa bayan suna take zuwa, *nhà lớn*, gida babba. Magani ma sha suke yi kamar mu: *uống thuốc*. *Bà uống thuốc chưa?* Kaka, kin sha magani?

Rubutun boko ne nasu, haruffa 29, babu f, j, w da z. Malaman mishan na Katolika ne suka tsara shi a ƙarni na 17, Francisco de Pina ɗan Fotugal na cikin na farko, Alexandre de Rhodes ya buga ƙamus a Rum a 1651. Kafin ya kankama a ƙarni na 20 da haruffan Sinanci suke rubutu, da wani nasu da suka ƙirƙira daga ciki mai suna Nôm. Amfanin wannan gare ta shi ne mako biyu zuwa uku sun isa ta iya karanta allon shago daidai, ko ba ta san ma'ana ba. Ƙwarewa ta aiki kuwa wani zance ne. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware masa mako 44 na karatu a aji.

Anti Nas:

Malam ya yi bayani, amma ni da wakilin suna zan sa ta fara, kafin karin sauti. Tsoho zai yafe maka murya in ta karkace, ba zai ji daɗin a kira shi da sunan da bai dace ba. Ba su da "ni" da "kai" na kowa da kowa. Da sunan dangantaka ake magana, har da baƙo. Ga tsohon da ya kai kaka: *ông* namiji, *bà* mace, ita kuma ta kira kanta *con* a Kudu, *cháu* a Arewa. Sa'an iyaye: *chú* da *cô* in sun ɗan gaza iyayenta, *bác* in sun girme su. Wanda ya ɗan girme ta *anh* ko *chị*, ita *em*. Gaisuwar safe ga tsohuwa: *Dạ, con chào bà.* *Tôi* da littafi ke koyarwa a matsayin "ni" daidai ne amma da sanyi, na ofis ne. *Mày* da *tao* kada su fito daga bakinta ko ta ji abokan aiki na yi wa juna. Kofi ko magani da hannu biyu ake miƙa wa babba.

Suna: na dangi ne a gaba, na yanka a ƙarshe, kuma da na ƙarshen ake kira. A ce Nguyễn Thị Lan, to *bà Lan* ce. Nguyễn ya yi yawa ƙwarai, sai Trần, Lê, Phạm; a ɓangare ɗaya ana iya samun mutum uku masu shi, kwamfuta kuma takan juya jerin sunan. Kafin ba da magani, cikakken suna da ranar haihuwa da hoto, kowane lokaci. Mutanen Kudu suna kuma kiran juna da jerin haihuwa, kuma daga biyu suke farawa: ɗan fari *Hai*, mai bi masa *Ba*, sai *Tư*, *Năm*, auta *Út*. In 'yan ziyara suka ce sun zo wajen *bà Năm* kuma babu mai wannan suna a takarda, dalilin ke nan.

Kalmomin da za ta fara da su: *nước* ruwa, *cơm* shinkafa ko abinci, *đói* yunwa, *mệt* gajiya, *lạnh* sanyi, *nóng* zafi, *chóng mặt* jiri, *khó thở* numfashi da ƙyar, *đi tiểu* fitsari, *đi cầu* bayan gida, *từ từ* sannu a hankali, *cám ơn* na gode. A kula da *dạ*: sau da yawa "na ji" take nufi, ba "na yarda" ba.

Iyakarta ta sani. Bayanin magani, neman izini, ko labarin ciwo ga iyali, aikin tafinta mai shaidar NAATI ne, hukumar tantance tafintoci ta ƙasar, ko layin tafinta na gwamnati, 131 450. Ba a sa jika ya yi tafinta a irin wannan. Sannan ta ce Sài Gòn, kada ta ce birnin Hồ Chí Minh, sunan da gwamnatin kwaminis ta sa wa birnin bayan yaƙi, kuma in za a yi ado ranar bikin sabuwar shekara na Tết kada ta buga jar tuta mai tauraro, ta gwamnatin Biyetnam ta yanzu, daga intanet. Tutar waɗannan tsofaffi rawaya ce mai jan layi uku. Wasunsu sun yi shekaru a sansanin tsare mutane bayan 1975.

Ɗan Kasuwa:

Ba a taɓo batun abinci ba, kuma Musulma ce. Alade *heo* ne a Kudu, *lợn* a Arewa: *Con không ăn thịt heo*, ba na cin naman alade. Sai dai yana ɓuya a inda sunansa bai fito ba. *Chả lụa*, *bì*, *sườn*, *xá xíu* da *chà bông* galibi duk shi ne. Burodin *bánh mì* ana shafa masa *pa-tê* na hantar alade ko da kaza aka saya. *Bún bò Huế* sunan saniya ne a jiki, amma da ƙafar alade da daskararren jini, *huyết*, ake haɗa shi. Romon *hủ tiếu* ma na ƙashin alade ne. *Phở bò* romon saniya ne, sai dai tambayar yanka tana nan, sai in an rubuta halal. Mafita ita ce *chay*, abincin mabiya Buddha marar nama. Shagon da aka rubuta *quán chay* ko *cơm chay* ba nama a tukunyarsa. *Nước mắm* kifi ne da gishiri kawai. Naman halal kuwa ba wahala, mahautan Somaliya da Habasha na nan a unguwar, ga masallatai a Sunshine da Newport.

Ƙidaya tana da tarko uku: biyar *năm* ce amma sha biyar *mười lăm*, goma *mười* amma ashirin *hai mươi*, sautin ya miƙe, ɗaya *một* amma ashirin da ɗaya *hai mươi mốt*. Kilo *ký*. *Bao nhiêu một ký?* nawa ne kilo ɗaya. A wajen 'ya'yan itace ta kula da *dưa* kankana da danginta, *dừa* kwakwa. Abarba a Kudu *thơm* ce.

Don aika saƙo, ta ƙara allon rubutu na Telex a waya. Hula da ƙaho da maimaita harafi ko ƙara w ake samun su: aa â, aw ă, ee ê, oo ô, ow ơ, uw ư, dd đ. Alamar sauti a ƙarshen gaɓa ake buga ta: s mai hawa, f ta ƙasa, r mai nutsewa, x mai tsinkewa, j ɗigon ƙasa, z kuma ta goge. *Việt* ana buga v-i-e-e-t-j, *thuốc* kuma t-h-u-o-o-c-s. In za ta koma Turanci ko Hausa ta sauya allon, in ba haka ba duk s ko f da ta biyo bayan wasali alama za ta zama.